Ƙwayar Zarra da Ka'idar Kwantum: Abin da Ya Tabbata, Abin da Ya Rushe, da Inda Ake Ja Har Yau

Ɗauki guntun ƙarfe ka raba shi biyu, ka ɗauki rabin ka sake rabawa, ka yi ta yi. Ko dai rabon ba shi da iyaka, ko kuma akwai inda wuƙa za ta tsaya domin an kai ga abin da ba ya ƙara rabuwa. Liyusifus da almajirinsa Dimokiritus, masanan Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, sun zaɓi amsa ta biyu. Kalmar atom a harshensu tana nufin abin da ba ya yankuwa, mu kuma muna kiransa ƙwayar zarra. Ba su da madubin ƙara girma ko ɗakin gwaji. Abin da ya tura su shi ne hujjar Farmenidis, wanda ya ce abin da yake akwai ba zai fito daga babu ba, ba zai kuma koma babu ba, saboda haka canji ruɗi ne kawai. Dimokiritus ya ce ƙwayoyin ba sa canzawa, jerinsu ne ke canzawa, kuma suna yawo ne a cikin fili wanda babu komai a cikinsa.

Ana yawan cewa kimiyya ta gaskata Dimokiritus. Wannan rabin magana ne, domin ra'ayin nasa da'awowi da dama ne a dunƙule. Akwai da'awar cewa kaya a gutsure yake, ba a shimfiɗe ba. Akwai cewa kowace ƙwaya tana da wurinta da motsinta tabbatattu, ko an duba ko ba a duba ba. Akwai cewa kowace daban take, ana iya nuna ta a ce wannan ce, ba waccan ba. Sannan akwai cewa wata ba ta yi wa wata tasiri sai sun haɗu, kuma babban abu bai wuce jimlar ƙananan da suka haɗa shi ba. Gwaji ya tabbatar da ta farko. Sauran kuwa ka'idar kwantum, wato lissafin zamani na halayen zarra da abin da ya fi ta ƙanƙanta, ta girgiza su, kuma duk taƙaddamar da ake yi yau a kan ma'anarta ta koma ga tambaya guda: wacce daga cikinsu za a sadaukar?

Aristotil ya ƙi yarda da ƙwayoyin, ya kuma ƙi yarda da filin da babu komai, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye ƙarnuka masu yawa. Inda muhawarar ta yi zurfi bayansa shi ne a hannun malaman ilmin kalam na Basra da Bagadaza. Mu'utazilawa irin su Abul Huzail, daga baya kuma Ash'arawa irin su Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun riƙi cewa jiki ya haɗu ne daga jauhari fard, wato ɓangaren da ba ya ƙara rabuwa, Ash'arawan kuma suka riƙi cewa siffofin da ke hawa kansa, waɗanda suke kira aradi, Allah ne ke sabunta su. Masu adawa sun kawo hujjoji masu kaifi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin masu tambayar cewa idan aka jera ƙwayoyi uku, ta tsakiya tana taɓa ta dama da ta hagu da gefe guda ne ko da gefe biyu? In gefe biyu ne, to tana da sassa, ta rabu ke nan. In gefe guda ne, to ukun sun shige cikin juna, ba za su taɓa tara wani girma ba. Akwai kuma hujjar dutsen niƙa mai juyawa: bakinsa yana ratsa nisa mai yawa a daidai lokacin da kusa da tsakiyarsa ke ratsa kaɗan, alhali idan motsi taki ɗaya ne daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ya kamata su yi tafiya daidai. Masu kare ƙwayoyin suka ce na cikin yana ɗan tsayawa, dutsen yana warwarewa yana sake haɗuwa ba tare da ido ya gani ba. Nazzam kuwa, wanda ya ƙi yarda da ƙwayar da ba ta rabuwa, sai ya ce mai motsi yana yin ɗafra, wato tsalle daga wuri zuwa wuri ba tare da ya bi ta tsakani ba. Kuskure ne a ce waɗannan malamai sun hango kwantum, domin ba su auna komai ba kuma tambayarsu ta aƙida ce. Amma sun gano tun da wuri cewa duk wanda ya ce kaya a gutsure yake, sai ya sake fasalin yadda yake fahimtar motsi da wuri.

Yadda aka ƙirga abin da ba a gani

A 1808 John Dalton na Ingila ya mayar da maganar ta zama ta sikeli. Giram 12 na sinadarin kabon yana haɗuwa da giram 16 na iskar oksijin ya ba da wata iska, ko da giram 32 ya ba da wata dabam. Ba a samun 20 ko 25. Ninki biyu cif. Irin wannan lissafi na lambobi cikakku shi ne abin da za a sa rai idan ana haɗa ƙwaya ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu.

Duk da haka manyan masana sun ja har ƙarshen ƙarni na 19. Ernst Mach ya ce aikin kimiyya shi ne tsara abin da gaɓoɓi ke riska, ƙwayar zarra kuwa dabarar lissafi ce mai amfani, ba wani abu da ke zaune a duniya ba. Wilhelm Ostwald ya so a gina komai a kan makamashi. Ludwig Boltzmann ya tsaya a kan cewa zafi ba komai ba ne illa kai-komon ƙwayoyi, kuma an yi karo mai zafi tsakaninsa da ɓangaren Ostwald a taron Lübeck na Jamus a 1895. Abin da ya raba gardamar wani ƙaramin al'amari ne da Robert Brown ya lura da shi tun 1827: ƙananan ɓarɓashi a cikin ruwa ba sa daina rawa. A 1905 Einstein ya nuna cewa idan ƙwayoyin ruwa ne ke bugun su ta ko'ina, to nisan da ɓarɓashin zai yi zai ƙaru ne da tushen murabba'in lokaci, wato in an ninka lokacin sau huɗu nisan ya ninka sau biyu, kuma daga wannan za a iya fitar da adadin ƙwayoyin. Jean Perrin na Faransa ya yi aikin daga 1908: ya tace ɓarɓashin ƙaro har ya sami masu girma ɗaya, ya bi sawunsu a ƙarƙashin madubi yana alama kowane daƙiƙa talatin. Ya sami adadi kusa da wanda aka sani yau, wato 6 da sifili 23 a bayansa, yawan ƙwayoyin da ke cikin giram 18 na ruwa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne hanyoyi fiye da goma marasa alaƙa da juna sun ba da kusan adadi ɗaya. Ostwald ya sauko. Boltzmann bai ga wannan ba, ya rasu a 1906.

Sai dai kafin a gama murna, ƙwayar da ba ta yankuwa ta riga ta yanku. J. J. Thomson ya gano elektiron, wata 'yar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin zarra, a 1897. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana cikin wata 'yar cibiya wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya bisa dubu goma na faɗin zarrar ba, alhali ita zarrar kanta sai an jera wajen miliyan goma kafin su cika milimita ɗaya. Kuma dokokin da aka sani a lokacin sun ce elektiron mai kewaya cibiya zai zubar da makamashinsa ya faɗa ciki a ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Tunda kaya ba sa rushewa haka, dokokin ne ba su isa ba. Daga Planck a 1900, zuwa Bohr a 1913, zuwa Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926, aka gina sabon lissafi. Ya yi aiki fiye da zato: ƙarfin maganaɗisun elektiron da yake hasashe ya yi daidai da awo har zuwa wajen kashi ɗaya bisa tiriliyan. Babu mai ja a kan ingancinsa. Ana ja ne a kan abin da yake faɗa game da duniya.

Tsaga biyu

Gwajin da ya fi fito da matsalar fili yana da sassa uku: abin harba elektiron, shinge mai hanyoyi biyu kusa da juna, da allon da ke nuna inda kowanne ya sauka. Dole a kwashe iskar cikin na'urar, a kuma rage harbin har ya zama ɗaya bayan ɗaya. Kowane elektiron yana sauka a ɗigo guda. A gwajin Akira Tonomura na kamfanin Hitachi a 1989, ɗigo goma na farko kamar an watsa su ne barkatai, amma da suka kai wajen 70,000 sai ga ratsi-ratsi na haske da duhu, irin wanda igiyoyin ruwa biyu ke yi in sun haɗu. Toshe hanya ɗaya, ratsin ya ɓace. Wani wurin da elektiron ke sauka idan hanya ɗaya ce a buɗe, sai ya daina sauka idan an buɗe ta biyu. Ƙara ƙofa ya rage masu shiga.

Lissafin yana tafiya haka. Kowace hanya tana da wata lamba mai alama, ana haɗa lambobin tukuna, sannan a ninka jimlar da kanta, abin da ya fito shi ne damar saukar elektiron a wurin. Wannan ita ce ƙa'idar da Max Born ya kafa a 1926. In hanya ta farko ta ba da 1, ta biyu ta ba da 1, jimla 2 ce, ninkinta 4, ba 2 ba. In ta biyu ta ba da 1 mai alamar ragi, jimla sifili ce, nan ne duhun. Idan kuma aka sa wani abu da zai iya bayyana hanyar da aka bi, ratsin yana gushewa. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna zaton idon ɗan Adam ko tunaninsa ne ke yin aikin. Ba haka ba ne. Ya isa a ce labarin hanyar ya fita zuwa wani abu, ko da babu mai karanta shi. A Biyena an ga ratsin da dunƙulen kabon mai zarra 60 a 1999, sannan a 2004 aka zafafa masu zarra 70 har suka fara fitar da haske mai iya tona inda suke, ratsin ya dusashe gwargwadon zafin. A 2019 an kai ga dunƙule masu zarra wajen 2,000. Abin da ke lalata irin wannan gwaji kullum ukun nan ne: ragowar iska, zafi, da girgizar na'ura.

To kafin ya sauka, ina elektiron yake? A nan gizo ke saƙar. Lissafin Schrödinger yana tafiyar da igiyar, wato waɗancan lambobin da ke ba da damar samun elektiron a kowane wuri, a hankali ba tare da zaɓar sakamako ba, kuma idan na'urar awo ita ma zarra ce ta haɗa ta, ya kamata ita ma ta shiga cikin cuɗanyar hanyoyin biyu, allurarta ta nuna dama da hagu a lokaci guda. Ba wanda ya taɓa ganin haka. Masanin falsafa Tim Maudlin ya tsara matsalar a 1995 da cewa maganganu uku ba za su gaskata tare ba: cewa igiyar ta ƙunshi dukkan bayanin abu, cewa kullum tana bin lissafin Schrödinger, da cewa kowane awo sakamako ɗaya yake bayarwa. Dole ɗaya ta faɗi.

David Bohm a 1952, yana farfaɗo da tunanin Louis de Broglie, ya jefar da ta farko. A wurinsa elektiron ƙwaya ce ta gaske mai wuri a kowane lokaci, tana bi ta tsaga ɗaya, igiyar kuma tana bi ta duka biyun tana tuƙa ta. Wannan ne mafi kusa da Dimokiritus, kuma yana ba da sakamako iri ɗaya da lissafin da aka saba. Farashinsa shi ne motsin ƙwaya a nan ya dogara nan take da inda wata take komai nisa, abin da ke da wuyar daidaitawa da ka'idar Einstein ta dangantakar lokaci da wuri. Ghirardi da Rimini da Weber a 1986 sun jefar da ta biyu. Suka ce igiyar kowace ƙwaya tana tsukewa da kanta zuwa wuri guda, amma sau ɗaya a ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ƙwaya guda ba za ta nuna komai ba, amma allura mai ƙwayoyi 1 da sifili 23 za ta sami tsukewa sau miliyan goma a daƙiƙa, kuma ɗaya ta isa ta ja sauran. Hugh Everett a 1957 ya jefar da ta uku: duk sakamakon suna faruwa, kowanne a reshensa, mai awon ma ya rabu. Lissafinsa shi ne mafi tsafta, amma yana fama da tambayar me ake nufi da cewa abu yana da damar kashi 30 cikin ɗari in tabbas zai faru a wani reshe.

Matsayin Bohr, wanda daga baya aka laƙaba wa sunan Kwapanhagan, ya bi ta gefe. Ya ce siffa kamar wuri ko gudu ba ta da ma'ana sai an fayyace tsarin gwajin da ake auna ta, kuma tsarin auna wuri yana hana na auna gudu. Wannan ya wadatar a ɗakin gwaji, shi ya sa mafi yawan masana ke aiki da shi ba tare da damuwa ba. A ganinmu bai amsa tambayar ba, domin bai faɗi inda iyaka take tsakanin abin da ake aunawa da na'urar da ke aunawa ba. Bayanin yadda muhalli ke kwashe ratsin, wanda Dieter Zeh ya fara a 1970, ya nuna dalilin da ba ma ganin cuɗanya a manyan abubuwa, amma bai nuna dalilin da wannan sakamakon ya fito ba wancan ba. Mai karatu zai lura cewa tsohuwar gardamar Mach da Boltzmann ce ta dawo: lissafi kayan aiki ne ko hoton abin da ke nan?

Lissafin da ya fitar da falsafa zuwa ɗakin gwaji

A 1935 Einstein da Podolsky da Rosen suka kawo hujja a kan ƙwayoyi biyu da suka fito daga tushe ɗaya. Auna ɗaya yana ba ka sanin abin da za a samu a ɗayar ko da ta yi nisa. Tunda awon nan ba zai taɓa can ba, in ji su, to amsar tana tare da ita tun farko, ka'idar ce dai ba ta cika ba. Magana ce mai ma'ana ƙwarai, kuma ta zauna shekara kusan talatin kamar ba za a iya gwada ta ba, har John Bell ya nuna a 1964 cewa ana iyawa.

Ga yadda abin yake. Tushe yana fitar da ƙwayoyin haske biyu-biyu masu sarƙe da juna, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane ɓangare yana da matatar haske da ake juyawa, ana rubuta 1 in ƙwayar ta wuce, 0 in ba ta wuce ba. In matatun biyu suna fuskantar kusurwa ɗaya, jerin biyu suna dacewa ɗari bisa ɗari. Juya ta dama digiri 30, sai a sami saɓani 25 cikin 100. Mayar da ita, ka juya ta hagu digiri 30 zuwa ɗaya gefen, saɓani 25 ne ma. Yanzu juya duka biyun, tazara ta zama digiri 60. Idan kowace ƙwaya tana ɗauke da amsarta, kuma abin da ya same ta ya dogara da matatar gabanta kaɗai, to juyin dama ya canza amsa 25, na hagu ya canza 25, saɓanin ba zai wuce 50 ba, yana ma iya raguwa in wasu canje-canjen sun faɗa a kan ma'aurata ɗaya. Kwantum ta ce 75. Gwaji ya bi bayan kwantum.

Kaiwa ga wannan bai zo da sauƙi ba. John Clauser da Stuart Freedman sun fara a 1972, amma matatunsu a kafe suke, don haka mai ja zai ce wani saƙo ya riga ya ratsa tsakaninsu. Alain Aspect a 1982 ya riƙa sauya tsarin kowane nanodaƙiƙa 10 (nanodaƙiƙa kashi ɗaya ne bisa biliyan na daƙiƙa), alhali haske na bukatar wajen 40 kafin ya ratsa mita 12 da ke tsakanin ɓangarorin. Akwai kuma matsalar na'urorin da ba sa kama mafi yawan ƙwayoyin, ta yadda za a ce waɗanda aka kama ba su wakilci sauran ba. Sai a 2015 aka toshe ramukan biyu tare, a Delft ta Holan da elektiron biyu masu tazarar kilomita 1.3, da kuma a Biyena da Boulder ta Amurka da ƙwayoyin haske. Lambar Nobel ta 2022 ta tafi ga Aspect da Clauser da Anton Zeilinger. A kula, wannan ba hanyar aika saƙo fiye da gudun haske ba ce: kowane ɓangare shi kaɗai rabi 1 rabi 0 yake gani barkatai, dacewar ba ta bayyana sai an haɗa jerin biyu. Abin da ya faɗi shi ne hoton ƙwayoyi masu ɗauke da amsoshinsu waɗanda makwabtansu kaɗai ke taɓa su. Halin ma'auratan cikakke ne, amma ba a iya rarraba shi zuwa halin wannan da halin waccan.

Da'awar cewa kowace ƙwaya daban take ita ma ba ta tsira ba. Saka tsaba biyu a akwati biyu, hanyoyi huɗu ne, kuma damar a sami ɗaya a kowane akwati rabi ce, domin ana iya musanya su. Ga ƙwayoyin haske hanyoyi uku ne kawai, musanyar ba ta haifar da sabon hali. Ga elektiron masu hali ɗaya hanya guda ce tak, ba sa taruwa a wuri ɗaya, wannan ce dokar Wolfgang Pauli ta 1925, kuma ita ce ta sa zarra take da girma, ta kuma sa sinadarai suka jeru yadda suke. Dawwama ma babu: elektiron da kishiyarsa fositiron in sun haɗu sukan ɓace su bar ƙwayoyin haske biyu, abin da wasu na'urorin hoton asibiti ke aiki da shi kullum. Shi ya sa a lissafin zamani abin da ake ɗauka tushe shi ne fage mai cika ko'ina, ƙwaya kuwa ƙididdigar motsin fagen ce, ta fi kama da adadin kuɗi a asusu fiye da tsabar da ake iya yi wa alama.

Daga cikin mafita ukun, ta tsukewa ce kaɗai ke hasashen abin da ya bambanta da lissafin da aka saba, don haka ita ce ake iya kamawa. In igiya na tsukewa da kanta, ƙwayoyi masu cajin lantarki za su riƙa samun 'yar girgiza, su fitar da ɗan haske mai ƙarfi ko da babu abin da ya taɓa su. An nemi wannan a ɗakin gwajin Gran Sasso da ke ƙarƙashin dutse a Italiya, da na'urar sinadarin jamaniyam da aka kewaye da tagulla da dalma don tare duk wani haske na waje. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya kore mafi sauƙin sigar ra'ayin Lajos Diósi da Roger Penrose, mai cewa nauyi ne ke jawo tsukewar. Adadin da Ghirardi da abokansa suka zaɓa tun farko bai faɗi a wannan gwajin ba, kuma masu gwajin ratsi suna ta ƙara nauyin dunƙulen da suke harbawa domin su kai inda za a ga ko ratsin zai ɓace ba tare da iska ko zafi ko girgiza sun taɓa shi ba.